Bron: Garejin Da Ake Aunawa Kafin A Kwance

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da Faransawa ke kira TGV yana tashi daga tashar Gare de Lyon a birnin Paris, cikin sa'o'i biyu ya dire mutum a Lyon, tafiyar da ta haura kilomita 400. Wannan layi shi ne na fari irinsa a ƙasar, tun 1981 ake bin sa. Da zarar an fita daga unguwannin bayan Paris sai gonaki su buɗe, fararen shanu suna kiwo a kan tuddai, ƙauyuka suna wucewa kafin ido ya gama kama su. Paris ta ishi mai yawon buɗe ido, amma ni abin da ya fito da ni yana kudu. Ɗan ƙanwata ne, wanda ya tashi a Maraɗi, ya fara koyon wayarin mota a can, daga baya karatu ya kai shi Faransa, yanzu kuma yana aiki a wani ƙaramin gareji a garin Bron. Ya daɗe yana ce mini, "Kawu, in ka zo sai ka ga yadda ake binciken mota." Ni kuwa na sha ganin yadda motocin zamani ke wahalar da masu su da kanikawanmu a Kano, don haka na ɗauki gayyatar da muhimmanci.

Daga tashar Part-Dieu muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Grange Blanche, daga nan muka hau taragon cikin gari mai lamba T2. Bron a manne take da Lyon ta gabas, har baƙo ba zai gane inda wannan ta ƙare waccan ta fara ba. A bakin iyakar, kan titin Pinel, akwai Babban Masallacin Lyon da aka buɗe a 1994, fari tas da hasumiyarsa. Mutanen Bron sun ɗan haura 40,000. Babban titinsu, Franklin Roosevelt, cike yake da gidajen burodi, kantunan magani da mahauta masu naman halal. A unguwar Parilly akwai dogayen benaye da aka gina a shekarun 1950 domin ma'aikata, kusa da wani makeken lambun shaƙatawa mai filin sukuwa. Akwai tsohuwar ganuwar soja da aka gina bayan yaƙin 1870 da Jamusawa, akwai reshen Jami'ar Lumière Lyon 2, akwai kuma cibiyar Jami'ar Gustave Eiffel inda ake nazarin sufuri da haɗarin hanya.

Bahaushe yana da tsohuwar alaƙa da wannan yanki, ko da bai sani ba. Filin jirgin saman Bron shi ne na Lyon har zuwa 1975, lokacin da aka buɗe sabo a Satolas, wanda yanzu ake kira Saint-Exupéry. A shekarar nan ce kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna ya fara aiki, kuma daga Satolas jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa kwasar sassan mota zuwa Kano, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ke nan da yawa daga cikin Fijo 504 da iyayenmu suka hau sun bi ta sararin samaniyar nan. Kudu da Bron kuwa, a Vénissieux da Saint-Priest, nan ne masana'antar da Marius Berliet ya kafa. Manyan motocinsa ne suka ratsa hamadar Tenere ta Nijar a tafiyar bincike ta 1959 zuwa 1960. A 1978 aka haɗe kamfanin Berliet da na Saviem a ƙarƙashin Renault, kuma har yau hedikwatar Renault Trucks tana Saint-Priest. Waɗancan motoci na ƙarfe zalla ne, bakanike mai kunne da sifana yana iya tayar da su a tsakiyar daji. Waɗanda ke zuwa mana yanzu ta Kwatano da Legas wani abu ne dabam.

Garejin da ɗan ƙanwar tawa, wanda nake kira ɗana, ke aiki yana wani lungu ne a bayan gari, tsakanin wurin sayar da tayoyi da wani sito. Ramin duba mota babu, sai na'urorin ɗaga mota guda biyu, da tebur mai kwamfuta, da bango da aka jera sifanu kowanne a gurbinsa. Maigidan dattijo ne ɗan asalin Aljeriya, mai ƙarancin magana. Ya karɓe ni da sallama da baƙin kofi, ya nuna mini kujera a inda ba zan tare hanya ba.

Da hantsi janwe ya kawo wata mota mai ƙofa biyar, ta wata mata mai aikin jinya. Ta ce motar takan yi lafiya lau, sai kwatsam fitilun dasbod su kama gaba ɗaya, allurar gudu ta faɗi, injin ya mutu. Wani lokaci in an bar ta ta ɗan huta sai ta tashi, yau kuwa ta ƙi. Ta riga ta kai ta wani wuri, aka sa mata kwamfuta, aka ce ƙwaƙwalwar injin ce ta lalace, sai an sayi sabuwa, kuɗin da ya fi ƙarfin albashinta na wata. Abin da ya fara burge ni shi ne, babu wanda ya taɓa motar sai da aka zaunar da matar aka yi mata tambayoyi. Yaushe abin ya fara? In an yi ruwan sama ya fi yawa? An taɓa buge motar? An sa mata sabon rediyo ko na'urar bin sawu? An canza batir kwanan nan? Ɗana yana rubuta amsoshin a takarda. Ta ce lallai ta lura abin ya fi tsananta bayan ruwa, kuma tana jin warin danshi a cikin motar. Dattijon ya kalli ɗana, bai ce komai ba.

Kafin in kai mai karatu ga abin da aka gano, ya kamata a san abin da ake nema. Motar wannan ƙarni ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Akwai kwamfutar injin, da ta birki, da ta giya, da ta jakar iska, da ta sitiyari, da ta dasbod, da ta ƙofofi da fitilu. A manyan motoci sukan kai gommai. Kowace tana buƙatar labari daga 'yan'uwanta: dasbod yana jiran ta birki ta gaya masa gudun taya, ta giya tana jiran ta injin ta gaya mata yadda aka taka totur. Da a ce kowace sai an ja mata waya zuwa ga kowace, da nauyin tagulla kaɗai ya ishi motar. Wannan ne ya sa injiniyoyin kamfanin Bosch na Jamus suka fara aiki a 1983 kan wani tsari da ake kira CAN, suka gabatar da shi a taron injiniyoyin mota a Detroit ta Amurka a 1986. Mercedes ta sa shi a babbar motarta ta 1991, a 1993 kuma ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 11898. Faransawa sun ɗan yi amfani da nasu tsarin mai suna VAN, wanda ke cikin Peugeot 206 da 307 ta farko, kafin su koma CAN gaba ɗaya daga kan 407 ta 2004.

Wayoyi biyu ne kacal, a murɗe da juna, suna zagaya motar, kowace kwamfuta tana rataye a jikinsu. Abin ya yi kama da zaman zauren mai unguwa: duk wanda ya yi magana kowa na ji, in biyu suka buɗe baki tare sai mai ƙaramar magana ya dakata wa mai babba, wanda kuma ya cika yin kuskure sai ya janye kansa ya yi shiru. A motar, kowane saƙo yana da lamba, mai ƙaramar lamba shi ke wucewa gaba. Idan layin yana hutawa, wayoyin biyu suna kan volt 2.5. In wata kwamfuta ta aika saƙo, wayar sama ta hau zuwa 3.5, ta ƙasa ta sauka zuwa 1.5. Tazarar da ke tsakaninsu ake karantawa, shi ya sa hayaniyar lantarki daga filogi ko altaneta ba ta ɓata saƙon, tunda tana bugun wayoyin biyu daidai wa daida. Babban layin yana ɗaukar ɗigon bayani 500,000 a daƙiƙa ɗaya. A kowane ƙarshensa akwai ɗan abin nan da masu gyaran rediyo ke kira rizista, mai ohm 120, yawanci a ɓoye cikin wasu kwamfutoci biyu. Aikinsu su shanye saƙo in ya kai ƙarshen waya, kada ya dawo ya rikita na bayansa. In aka auna su biyun tare, mita za ta nuna ohm 60. Wannan lamba, 60, ita ce mabuɗin yawancin binciken.

Ɗana ya fara da batir, domin batir mai rauni kan sa kwamfutoci su riƙa ɗaukewa su bar lambobin ƙorafi barkatai. Mita ta nuna volt 12.6, lafiya lau. Sai ya jona na'urar bincike a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda doka ta wajabta a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga motocin fetur. Allo ya cika da lambobi masu farawa da harafin U, wato na matsalar sadarwa. Kwamfutar birki ta rubuta U0100, dasbod ya rubuta U0100, ta sitiyari ma haka. Ita kuwa ta injin ko amsawa ba ta yi ba.

Na ce, "To ai ga shi nan, ɗana, duk sun nuna ta injin. Ashe waɗancan ba su yi ƙarya ba."

Ya ce, "Kawu, duba da kyau. Ba su ce ta mutu ba. Cewa suka yi ba sa jin ta. Wataƙila ta mutu, wataƙila ba ta samun wuta, wataƙila at ɗinta, wato wayar da ke haɗa ta da jikin mota, ya kwance, wataƙila kuma tana ta magana amma waya ta yanke a hanya. Lambar ba ta bambance waɗannan huɗun. Mu ne za mu bambance."

Ya buɗe taswirar wayoyin motar a kwamfuta, ya bi da yatsa har ya ga inda rizistocin biyu suke: ɗaya a cikin kwamfutar injin, ɗaya a cikin wata kwamfuta ta tsakiya da ke ƙarƙashin dasbod. Ya duba fis, ya auna wuta da at a bakin soket ɗin kwamfutar injin, duk suna nan. Sannan ya kashe makulli, ya ɗan jira kwamfutocin suka yi barci, ya cire kan batir, ya sa bakunan mita a rami na 6 da na 14 na soket ɗin bincike. Mita ta nuna 120. Ya juyo mini da ita don in gani da idona. Ya ce 120 na nufin rizista ɗaya kaɗai ake gani, ɗayan ya ɓace daga layin. Da ta nuna kusa da sifili, da wayoyin biyu sun haɗe. Da ta nuna wajen 40, da wani ya ƙara wata na'ura mai nata rizistan. Ya je ya cire soket ɗin kwamfutar injin ya auna ƙafafunta biyu kai tsaye: 120 cif. Rizistanta na nan da ransa. Saura hanyar da ke tsakani.

Nan aikin haƙuri ya fara. Dattijon ya riƙe mita yana kallo, ɗana yana bin damin wayoyi yana girgiza su a hankali, taki bayan taki, daga ɗakin injin zuwa cikin mota. Da ya kai hannu ƙasan inda direba ke ajiye ƙafar hagu, sai dattijon ya ɗaga yatsa. Lambar ta faɗo 60, ta koma 120, ta sake faɗowa. Aka ɗaga kafet, ga soson ƙarƙashinsa sharkaf da ruwa. Akwai wani soket mai launin toka a wurin, da aka raba shi sai ga ƙafafu biyu sun yi kore shar da tsatsar tagulla, ɗaya ta cinye har ta kusa tsinkewa. Ganyen bishiya ne ya toshe magudanar ruwa da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan sama ya rasa mafita, ya riƙa tsiyaya ciki sannu a hankali.

An yanke ruɓaɓɓun ƙafafun an sa sababbi, an mayar da murɗin wayoyin yadda yake, an share magudanar, an busar da kafet. Mita ta tsaya a 60 ko an girgiza. Duk da haka dattijon bai yarda an gama ba sai da aka jona osiloskof, na'urar da ke zana motsin lantarki a allo. Layuka biyu suka bayyana, ɗaya na hawa ɗaya na sauka a lokaci guda, gefunansu a miƙe babu karkarwa. Aka goge lambobin, aka murɗa makulli, injin ya tashi. Ƙwaƙwalwar da aka yanke wa hukuncin kisa ba abin da ya same ta. Matar ta biya kuɗin sa'o'in bincike da na ƙafafun soket, ta tafi tana godiya.

Da muka zauna cin abincin rana, ɗana ya ƙara mini wasu abubuwa. Ya ce ba kowace mota ce ake auna ta haka kai tsaye ba. A sababbi da yawa akwai wata kwamfuta mai tsaron ƙofa tsakanin soket ɗin bincike da sauran layuka, don haka sai an bi taswira an san inda za a sa mita. Akwai kuma layuka masu tafiyar hawainiya na ƙofofi da kujeru, waɗanda awonsu dabam ne, wanda ya nemi 60 a can zai ɓata wa kansa lokaci. Wani lokaci kuma kwamfuta ɗaya ce ke lalacewa ta cika layin da shirme har kowa ya kasa magana, sai a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har a ga wadda in an cire ta layi ya lafa. Taswirar kuwa ba alfarma ake yi musu ba, dokar Tarayyar Turai tun 2007 ta tilasta wa kamfanonin mota su buɗe bayanan gyara ga gareji masu zaman kansu, su biya su karanta. Yaron gareji ma yana raba lokacinsa ne tsakanin makaranta da wurin aiki, har ya sami takardar shaida.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka shiga Lyon. Muka hau tudun Fourvière, inda ake hango kogunan Rhône da Saône suna tafiya su haɗe a kudancin gari, muka sauko unguwar Guillotière inda 'yan Afirka ke sayen kuɓewa da manja da busasshen kifi. Hirarmu dai ba ta bar mota ba. A Faransa duk motar da ta shekara huɗu sai an kai ta gwajin lafiya, daga nan kuma duk bayan shekara biyu. Mota in ta tsufa, gyaranta ya fi kuɗinta, sai a rabu da ita, da yawa kuma jirgin ruwa ke kwasar su. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Wato motocin suna iso mu ne a daidai shekarun da rigar wayoyinsu ta fara bushewa, soket ɗinsu ya fara sakewa.

Mu kuma sai mu ƙara musu da namu. Ana wanke injin da ruwa mai ƙarfi har ya shiga soket. Ana cire kan batir injin na aiki wai don a gwada altaneta. Mai walda yana ɗora wuta a jikin mota bai cire batir ba. Mai sa na'urar bin sawu yana fere duk wayar da ya fara gani ya ɗaura tasa. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga ɓera, ga motocin da ambaliya ta shanye a Amurka aka goge su aka turo mana. In fitilu suka kama, sai a kira mai kwamfuta ya karanta lamba, ya karɓi kuɗinsa, a ce ƙwaƙwalwa ce. A tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo wata, a biya mai haɗa ta da makulli, bayan kwana kaɗan ciwon ya dawo, domin ruɓaɓɓiyar wayar tana nan inda take. Mai motar haya da ke ciyar da gida da ita shi ke kwana a ciki. Wani ma sai a cire ƙwan fitilar gargaɗin a ce an gyara, ya hau titi da birkin da kwamfutarsa ba ta jin kowa.

Ban yarda cewa kanikawanmu sun gaza na Bron basira ba. Mutumin da ke iya naɗa altaneta da hannu, ya gane ciwon injin da kunne, ba abin da zai gagare shi a wayoyi biyu. Kayan aikin da suka warware matsalar matar nan ma ba masu tsada ba ne, mita ce irin wadda ke hannun kowane mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Abin da ya rage mana uku ne: taswirar wayoyi, da tsarin bin abu daki-daki, da wanda zai koyar da shi cikin harshen da yaron gareji ke ji. Ƙungiyoyin kanikawa suna iya haɗa kuɗi su sayi damar karanta taswirori da osiloskof ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi. Kwalejojin fasaha na Kano da Kaduna da Katsina suna iya buɗe ajin yamma da Hausa domin masu wayarin da ke bakin aiki. Matasanmu da suka koyo wannan a waje, irin ɗan ƙanwata, akwai hakki a kansu su juyo da shi gida, ko da ta gajerun bidiyo ne a waya. Na faɗa masa haka, ya ce, "In sha Allahu, Kawu, na ɗauka."

Masu mota ma da sauran gyara a wajenmu. Mun saba biyan kuɗin kaya da na ɗaurawa, amma muna ƙyashin biyan kuɗin bincike, sai mu ga kamar wanda ya yini da mita a hannu bai yi aikin komai ba. Wannan hali ne ke tura bakanike ga canza kaya, tunda a nan kaɗai zai ci abinci. Duk wanda aka ce wa ƙwaƙwalwar motarsa ta mutu, ya tambaya cikin mutunci: an auna batir? An duba wuta da at a bakin soket ɗinta? Ohm nawa layin ya nuna? In bakanike ya amsa waɗannan da lambobi, a biya shi hakkin lokacinsa da daɗin rai, domin ya cece ka daga asarar da ta ninka haka. In kuwa ba a auna ba, to ba a kai ga sanin ciwon ba tukuna, kada a fitar da ko sisi a sayi ƙwaƙwalwa.